Kafin ka kwafo sunan gari daga ƙamus

Na gaji da jan layi a wuri ɗaya. Kowace shekara ɗalibai da masu rubuta tarihin garinsu suna kawo mini rubutu in duba, kuma kuskuren bana shi ne na bara: a buɗe ƙamusun sunayen garuruwa, ko tsohon kundin lardi, ko GeoNames, rumbun sunayen wurare a intanet, a ga suna ya yi daidai, sai a kwashe duk abin da ke ƙarƙashinsa ba a tambayi wane gari ake nufi ba.

Abin da ya fi kayar da mutane shi ne garuruwa ma suna da takwarori. Gaya biyu ce: akwai ta Jihar Kano, gaba da Wudil a hanyar Dutse, akwai ta Nijar a jihar Doso, bakin Kogin Kwara, kan iyakar Benin. Illela ma haka, ɗaya a Sakkwato tana fuskantar Birnin Ƙonni, ɗaya a jihar Tawa. Nasarawa jiha ce, gari ce a cikin jihar, kuma ƙaramar hukuma ce a birnin Kano. Tudun Wada da Sabon Gari kuwa, wa zai ƙirga su?

Wannan ya taɓa cin kuɗina. Na ba wani yaro aikin haɗa bayanin garuruwa a ƙarshen wani ɗan littafi kan kasuwannin ƙasar Kano. Ya zo kan Gaya, ya danna waya, ya rubuta cewa gari ne a bakin kogi mai gada zuwa Malanville ta ƙasar Benin. Aka buga, aka raba. Wani dattijo mutumin Gaya ya tare ni a wurin ɗaurin aure, bayan mun gaisa ya ce, "Malam, yaushe Kwara ta iso garinmu ba mu ji labari ba?" Daga aljihuna aka sake buga waɗannan shafuka. Abin da ya fi ƙona mini rai, da na tambayi yaron sai ya ce ai haka ya gani a rubuce. To wa ya ce ba a rubuce yake ba? Ƙamus bai yi ƙarya ba, kai ne ba ka karanta layi na biyu ba.

Tun daga nan ba na karɓar sunan gari tsirara. Sai an rubuta mini jiharsa, ƙaramar hukumarsa, da garuruwa biyu da ke maƙwabtaka da shi. Wasu abokan aiki suna cewa lambobin taswira sun isa. Ni ban yarda ba, domin rabin masu kwafo lambobin ba su san bambancin digiri da minti ba. Minti 60 ne a digiri ɗaya, don haka 12°30′ daidai yake da 12.5, ba 12.30 ba. Wanda ya rikita su ya ɗauke gari ya ajiye shi fiye da kilomita 20 daga inda yake, tunda digiri ɗaya daga kudu zuwa arewa kusan kilomita 111 ne.

Na biyu, kuma shi ne ke sa ni ɗaga murya: ba ku duba shekarar littafi. Kundayen larduna da Razdan-Razdan na Turawa suka rubuta wajen 1920 da 1921, waɗanda aka sake bugawa a 1972, suna da amfani ƙwarai, amma ƙasar da suke bayani ba ita ce ta yau ba. Lardin Kano na lokacin ya haɗa har da Katsina da Daura. Duk inda tsohon littafi ya ce Abuja, Suleja yake nufi, garin da sarautar Haɓe ta Zazzau ta kafa bayan jihadi. Sai da aka tsai da sabon babban birnin tarayya a 1976 sannan sunan ya tashi ya koma can. Gombe ta farko ita ce Gombe Abba, ba a dawo da fada garin da muke kira Gombe yanzu ba sai 1919. Amma sai ka ga ɗalibi, ɗan jami'a, ya rubuta cewa wani abu ya faru "a Jihar Jigawa a 1950". Haba! Jigawa da Kebbi da Yobe 1991 aka yi su, Katsina 1987, Zamfara da Gombe 1996. Juya bango ka ga shekarar bugu, minti nawa zai ci maka? Ni da fensir nake rubuta shekarar a saman takardata kafin in ɗauki kalma ɗaya.

Sauran ƙanana ne. In ka nemi gari ba ka gan shi ba, kada ka ce babu shi, canza rubutun: Sakkwato tana ƙarƙashin Sokoto, Tasawa Tessaoua, Dogon Dutse Dogondoutchi, Damagaram kuma Zinder. Baƙaƙe masu lanƙwasa yawanci ba sa cikin waɗannan littattafai, don haka Maraɗi da Ƙauran Namoda kai za ka mayar musu da lanƙwasarsu in da Hausa kake rubutu.

Yawan jama'a kada ka ɗauka ba shekara a gefensa. Ƙidayar Nijeriya ta ƙarshe 2006 aka yi ta, kuma alƙaluman zamanin Turawa da yawansu daga lissafin haraji suka fito.

Asalin suna kuwa, in littafi ya ce "an ce", kai ma ka ce "an ce". Ko Yaƙutul Hamawi, wanda ya rubuta Mu'ujamul Buldan, ƙamusun garuruwa na Larabci, a ƙarni na 13, yakan jera maganganu mabambanta kan suna ɗaya, kuma yakan faɗi wasalin kowane harafi don kada a karanta ba daidai ba. Ni dai in garin yana da tasha, nakan je in sa direba ɗan garin ya faɗi sunan da bakinsa, in rubuta yadda na ji, sannan in koma ga littafi.