Yadda ake kusantar mafi kyawun tsarin layi idan cunkoso ya kai maƙura

Idan layuka da yawa suna zuba wa juna aiki, kamar saƙonni tsakanin kwamfutoci ko kaya tsakanin injinan masana'anta, ni ba na ɓata lokaci wajen neman amsa cif. Yanayin da tsarin zai iya shiga ya fi ƙarfin ƙirge.

Ka fara da auna nauyin kowace tasha, wato ρ: aikin da ke shigowa a raba da abin da tashar ke iya gamawa. Wadda ρ ɗinta ya kusa 1 ita ce matsalarka, sauran ka ajiye su gefe tukuna. Tun 1961 masanin lissafi Kingman ya nuna cewa jira yana tashi daidai da ρ/(1−ρ). A 0.9 za ka samu 9, a 0.95 ka samu 19, a 0.99 kuwa 99. Shi ya sa ƙarin aiki kaɗan kan tsayar da komai cak.

Sai ka sauya ma'auni. Ka ɗauki wata babbar lamba n, ka ninka lokaci sau n, ka raba tsawon layi da √n. Layin zai koma kamar motsin Brown, wato hawa da sauka na bazata, wanda ba ya sauka ƙasa da sifili. Wannan ita ce hanyar da masani Harrison ya tsara a 1988.

A nan ne nake so ka nutsu. Daina ƙirga masu jira, ka ƙirga mintunan aikin da suka taru a kan tashar da ta matse. Kada ta zauna banza muddin akwai aiki, sannan ka bar tarin ya kwanta inda ya fi arha. Ɗauki aji biyu na aiki: jiran na farko asarar 6 ce a minti kuma hidimarsa minti 2, na biyu asarar 4 da minti 1. Raba asara da tsawon hidima, ka samu 3 da 4. Na biyu za a fara sallama, duk da na farko ya fi tsada a ido. Ƙa'idar cμ ke nan (c asara ce, μ kuwa saurin hidima), wadda masani Van Mieghem ya faɗaɗa a 1995 ga asarar da ke ƙaruwa da daɗewar jira.

Wahalar tana wurin mayar da amsar kan ainihin tsarin. Lissafin Brown yana ɗauka ana iya kwashe aiki daga layi zuwa layi nan take, alhali inji ba ya haka. Don haka ka sa iyaka: ka bar ɗan aiki a gaban tashar da ta matse, idan ya sauka ƙasa da iyakar ka juya fifiko wajen ciyar da ita. Girman iyakar kuma ka samo shi ta gwaji a kwamfuta, ka gwada a ρ na 0.95 da na 0.8, domin kusancin yana raunana yayin da ρ ke nisa da 1.