Yadda za ka yi aikin fili na ikoloji ba tare da ka sha kunya ranar difens (kare aikinka gaban malamai) ba

Duk shekara sai ka ga ɗalibin ikoloji, wato ilimin alaƙar halittu da muhallinsu, ya ɗauko maudu'i wai nazarin tsirran jihar Jigawa, haba malam, jiha guda a wata uku da ɗan kuɗin acaɓar da ke aljihunka? Rage abin ya koma tambaya ɗaya da ƙafarka za ta iya amsawa. Misali, shin ciyawar gindin gawo ta fi ta sarari yawa da iri-iri? Gawo dai kowa ya san halinsa, da damina yake kaɗe ganye, da rani ya yi kore shar, saiwarsa na ƙara wa ƙasa naitirojin, ga dabbobi na fakewa a inuwarsa suna barin kashi. To ka ga kana da dalilin zaton za a samu bambanci, saura awo.

Ka fita tsakanin Agusta da Satumba lokacin da ciyayi suka yi fure ko suka fitar da kai, a lokacin ne ake gane su, in ka bari sai Maris ƙura kawai za ka ƙirga. Kuma kafin ka taka filin kowa je ka gaida mai unguwa ka faɗi abin da ya kawo ka, don mutum ya ga baƙo da tef yana aune-aune a gefen gonarsa ba karatu zai kawo a ransa ba.

Kwadirat ba wani abu ba ne, fayif ɗin roba huɗu ne kowanne mita 1 ka haɗa su murabba'i, ka ajiye a ƙasa ka ƙirga tsirran da suka faɗo ciki. Inda ake yin ɓarnar shi ne wajen ajiye shi, ido na son inda ciyawa ta yi lif, hannu kuma sai ya bi ido. Rubuta gabas, yamma, kudu, arewa a 'yan takardu ka ja ƙuri'a a kowace bishiya, inda ta faɗa nan za ka ajiye ko da ƙasa ce tsirara, sifili ma sakamako ne. Ɗaya a gindi, ɗaya ka auna mita 20 daga bishiyar zuwa cikin sarari. Sannan ka nemi gawo 10 daban-daban a filin da ba a nome ba, kwadirat 10 a gindin gawo guda ba 10 ba ne, labarin bishiya ɗaya ka maimaita, kuma wallahi malamai sun iya kamo wannan.

Da fensir za ka rubuta don biro ba ya shiri da yayyafi, kuma nan take, kar ka ce sai na koma hostel. Ƙarangiya da kyasuwa da tafasa ba sa ɓuya. Wadda ba ka gane ba ka tuge ta har saiwa, ka ba ta lamba, ka danne ta cikin tsohuwar jarida kana canjawa kullum kar ta yi fumfuna. Tambayi makiyaya sunanta, sun fi mu sani nesa ba kusa ba, sai dai suna ɗaya na Hausa kan haɗa tsirrai biyu ko uku, don haka ka kai ma'ajiyar busassun tsirrai irin ta ABU Zariya a tabbatar maka.

Lissafin ba wuya, in ƙarangiya ta fito a kwadirat 7 cikin 10 to ta bayyana a kashi 70 cikin 100 kenan, yawanta kuma ka raba adadin da ka ƙirga da faɗin wurin da ka auna.

Ranar difens taswirar wurin, hoton kwadirat a ƙasa, da jadawali ɗaya mai sanduna da ke jera gindi da sarari sun wadatar. Kar ka juya wa mutane baya kana karanta allo. In ba ka ga bambanci ba faɗi haka kai tsaye, ka kawo abin da kake zargi, ko kiwo ne ya cinye ko bishiyoyin sun yi kaɗan. Littafin filin nan mai tabon laka ka shigo da shi, in aka ce anya ka je wurin kuwa, sai ka miƙa.