Darasi: Ɗaura ƙarfe a jikin katako

Yawancin katakon da kafintoci ke aiki da shi a Garwa da Marwa da Njamena daga dazukan kudancin Kamaru yake zuwa, inda ruwa ya yi yawa. Idan ya iso arewa ya sha iskar hunturu sai ya bushe ya tsuke, damina ta zo ya sake kumbura. Ƙarfe kuwa yana nan yadda yake. Wanda bai san da wannan ba, tebur zai tsage masa ko da ya ɗaure shi da kyau.

Kafin a ɗaura komai, mai walda ya gama aikinsa, a goge ƙarfen, a shafa masa fentin hana tsatsa ya bushe. Walda kusa da katako tana ƙona shi, kuma ƙarfe marar fenti yana barin baƙin tabo idan danshi ya taɓa wurin.

Kada a buga sukuru da guduma. Yin haka yana yanke zaren katakon da ya kamata ya riƙe shi, bayan ɗan lokaci sai ya fara rawa. A fara huda rami. Ga sukuru mai kaurin milimita 4, ramin ya zama milimita 2.5 a katako mai laushi irin ayus, milimita 3 a mai tauri irin iroko, sapeli ko maɗaci. Ramin jikin ƙarfen kuma ya ɗan fi sukurun faɗi, kamar milimita 4.5, don ya wuce ba tare da ya cije ba. Idan allon yana da kaurin milimita 25, ƙarfen kuma 3, sukuru mai tsawon 20 ya isa. Mai tsawon 30 zai ɓullo ta ɗaya fuskar allon. A ja baya daga gefen allo da santimita 2, daga ƙarshensa da 4 ko 5. A goga wa sukurun kyandir ko kakin zuma, ba sabulu ba, domin sabulu yana jawo danshi da tsatsa.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne saman tebur da aka ɗora kan firam na ƙarfe. Allo ba ya motsi sosai ta tsawonsa, ta faɗinsa yake motsi, kuma tebur mai faɗin santimita 80 yana iya raguwa da milimita da dama daga damina zuwa rani. Don haka ramukan tsakiyar firam kaɗai za a bari zagayayyu, a ɗaure su tam. Na gefe a mayar da su dogaye, wajen milimita 12, tsawonsu yana bin faɗin allon: a huda ramuka biyu dab da juna, a haɗe su da magagari. A sa wosha, wato ɗan faifan ƙarfe mai huji a tsakiya, ƙarƙashin kan sukurun, a ɗaure, sannan a sassauta kaɗan yadda allon zai iya zamewa. Mai saye ba zai ga wannan aiki ba, amma shi ke hana tebur tsagewa a watan Maris.

Gado da benci, masu ɗaukar nauyi ana kuma kwance su, sun fi ƙarfin sukuru. A sa ƙusa mai noti ta milimita 8 da za ta ratsa katakon, da wosha mai faɗi don kada notin ya nutse ciki. Bayan ranin farko a sake ɗaure su.

Ƙofar kabad da ba ta kai mita 1 ba hinji biyu sun ishe ta, wadda ta fi haka a sa uku, a bar tazarar milimita 2 zuwa 3 kewaye da ita saboda damina. Idan ramin sukurun hinji ya kwaɓe, a cusa ’yan siraran itace da gam, a bari ya kwana, a yanke abin da ya fito, a sake hudawa.