Yadda Ake Sayen Wasan Akwatin Yashi Tun Yana Ɗanye Ba Tare da Cinikin Biri a Sama Ba

A watan Mayun 2009 wani mai tsara manhaja ɗan ƙasar Suwidin, Markus Persson, ya saki wani ƙaramin wasan kwamfuta wanda ba shi da labari kuma ba shi da ƙarshe, sai dai tubala da mutum yake ɗorawa yana rushewa yadda ya ga dama. Ba da daɗewa ba ya fara sayar da shi a kan farashi mai rangwame alhali bai gama shi ba, masu saye suna wasa shi kuma yana ci gaba da gini. Wannan wasa shi ne Minecraft, wanda ba a kammala shi ba sai a watan Nuwamban 2011, kamfanin Microsoft ya saye kamfanin da ya yi shi a 2014 a kan dala biliyan 2.5, kuma an sayar da kwafinsa fiye da miliyan 300. Abu biyu ya yaɗa a duniya a lokaci guda: irin wasan da ake kira akwatin yashi, da kuma al'adar sayar da wasa tun yana ɗanye.

Sunan akwatin yashi ya samo asali ne daga akwatin rairayi da ake ajiye wa yara, inda babu wanda yake gaya wa yaro abin da zai gina. A irin wannan wasa ana ba ka duniya da ƙa'idojinta, kamar yunwa da dare da nauyin kaya da abin da yake ƙonewa da wanda ba ya ƙonewa, sannan a sakar maka mara. Sayar da ɗanyen wasa kuwa ya zama tsari a hukumance lokacin da kamfanin Valve ya buɗe sashen da ya sa wa suna Early Access a Steam, kasuwarsa ta sayar da wasanni a intanet, a watan Maris na 2013. Ba a banza ba ne waɗannan biyun suke tafiya tare. Wasan da aka gina a kan labari ba ya sayuwa rabi, domin babu mai son a tsayar da shi a tsakiyar zance, amma wasan da aka gina a kan ƙa'idoji yana iya yin daɗi da kashi ɗaya cikin uku na kayansa. Matsalar tana cikin wannan fa'idar ne, domin abin da ba shi da ƙarshe ba shi da ranar da za a ce lallai an gama shi, kuma masu yin sa suna iya ajiye aiki a duk inda suka gaji su ce nan ne iyaka.

Ka fara da auna kanka

Kafin ka duba kowane wasa, ka tabbatar irin wasan ya dace da halinka, domin akwai mutane da yawa da suke jin daɗin kallon manyan gine-ginen wasu a YouTube amma idan aka ajiye su a fili babu umarni sai su rasa ta cewa cikin rabin sa'a. Gwajin ba ya bukatar kuɗi. Luanti, wanda aka sani da Minetest kafin a canja masa suna a 2024, kyauta ne, haka kuma Factorio yana da samfurin gwaji na kyauta. Idan bayan sa'a ɗaya ka tarar kana shirya abin da za ka gina gobe, to kana da ƙishirwar da wasan yake bukata. Ka kuma san cewa sunan ya rufe abubuwa mabambanta: Valheim da Subnautica neman tsira ne da yawon gano duniya, Factorio da Satisfactory gina masana'anta ne da lissafin abin da yake shiga da wanda yake fita, RimWorld da Dwarf Fortress kula da jama'a ne masu rigima da rashin lafiya, Rust kuwa zama ne cikin mutanen da suke jiran ka yi barci su fasa maka gida.

Karatun shafin wasan

A saman shafin kowane ɗanyen wasa a Steam akwai akwatin da masu wasan suke amsa tambayoyi: me ya sa suka fitar da shi da wuri, tsawon wane lokaci suke sa ran zai ɗauka, yaya cikakken zai bambanta da na yanzu, wane hali yake ciki a yau, ko farashi zai canja, da yadda za su saurari 'yan wasa. A ganina amsar tambaya ta huɗu ce kaɗai ta cancanci kuɗinka, sauran duka niyya ce, kuma niyya ba kaya ba ce. Shi kansa kamfanin Valve ya rubuta a wannan wuri cewa wasan bai kammala ba, mai yiwuwa ya canja mai yiwuwa kuma ya tsaya a haka, kuma wanda halin da wasan yake ciki bai burge shi ba gara ya jira. Saboda haka ka rufe jadawalin alƙawura da tafin hannunka, ka tambayi kanka ko za ka biya wannan kuɗi da a ce daga yau ba za a ƙara ko tubali ɗaya ba.

Kada tsawon lokaci ya tsorata ka, kada kuma gajeren wa'adi ya ruɗe ka. Wasan 7 Days to Die ya shiga wannan tsari a watan Disamban 2013 bai fita ba sai a watan Yulin 2024, Project Zomboid ma tun 2013 yake ciki, kuma dukansu suna da ɗimbin masoya da suka more kuɗinsu tuntuni. Factorio ya kwashe shekara huɗu da rabi a ciki, daga Fabrairun 2016 zuwa Agustan 2020, alhali tun farkon wannan lokaci ya fi wasanni da yawa da ake cewa an gama su nagarta. Abin tsoro shi ne shiru. Ka buɗe tarihin sabuntawa ka duba ranakun, sannan ka karanta abin da aka rubuta, domin akwai bambanci tsakanin sanarwar da ta lissafa kurakuran da aka gyara da sababbin abubuwan da aka saka, da wadda ba ta ƙunshi komai ba sai hotunan abin da ake cewa yana tafe. Tun farkon 2025 Steam yana manna gargaɗi a shafin ɗanyen wasan da ya wuce wata 12 ba a sabunta shi ba, kuma duk inda ka ga wannan gargaɗi ka ɗauka abin da yake gabanka shi ke nan.

Wajen sharhin masu saye, ka kwatanta na kwanan nan da na gaba ɗaya, domin tazarar da ke tsakaninsu ita take nuna inda wasan ya dosa. Steam yana nuna sa'o'in da kowane mai sharhi ya yi a wasan, kuma sharhin da ya fi amfani shi ne ƙorafin wanda ya yi sa'a ɗari ko fiye, tun da shi ne ya kai inda kayan wasan suke ƙarewa, shi ne kuma ya ga yadda kwamfuta take nishi idan gini ya yi girma. Daga nan ka nemi bidiyon wani yana wasan kai tsaye na tsawon sa'a guda ba a yanke ba, ka bar bidiyon talla. Labarin The Day Before ya isa darasi a nan: an shafe shekaru ana yaɗa tallarsa, ya fito a watan Disamban 2023 ba kamar yadda aka nuna ba, kuma bayan kwana huɗu kamfanin da ya yi shi ya sanar da rufewa.

Girman suna ma ba lamuni ba ne, kuma wannan shi ne abin da ya fi yi wa mutane wuyar yarda. Kerbal Space Program na farko wani ƙaramin kamfani ne a Meziko ya raine shi a hankali har ya kammala a 2015, amma na biyun, wanda babban kamfanin Take-Two yake bayansa, ya fito ɗanye a watan Fabrairun 2023 a kan kusan dala 50, aka rufe sashen da yake yin sa a 2024, manyan alƙawuransa irin su kafa matsugunai a wasu duniyoyi da wasa tare da abokai ba su cika ba. Spacebase DF-9 na kamfanin Double Fine kuwa ya dogara ne da cinikin yau don biyan aikin gobe, da ciniki ya ja baya a 2014 sai aka lakaba masa lambar kammalawa aka sallame shi. Valheim, wanda mutum biyar suka fitar a watan Fabrairun 2021, ya sayar da miliyoyin kwafi cikin makonnin farko saboda abin da aka saka a ranar farko ya riga ya ƙoshi.

Game da farashi, gaskiya ne yakan tashi idan an kammala: ARK ya tashi daga kusan dala 30 zuwa 60 a 2017, 7 Days to Die kuma daga kusan 25 zuwa 45. Amma arhar abin da ba za ka yi amfani da shi ba asara ce, kuma yawancin wasanni suna samun rangwame daga baya, ban da irin su Factorio da masu shi suka ƙi yin rangwame tun asali.

Sa'o'i biyun farko

Dokar Steam ita ce ana mayar maka da kuɗinka idan ka nema cikin kwana 14 da saye kuma ba ka kai sa'a biyu kana wasa ba, ɗanyen wasa ma yana ƙarƙashin wannan doka. Sa'a biyu kaɗan ce ƙwarai ga wasan da ake yin sa'a ɗari a ciki, don haka kada ka ɓata ta wajen zaɓar gashin kan ɗan wasanka. Ka shiga saituna ka ga ko kwamfutarka tana ɗauka, ka ajiye wasa ka fita ka dawo don ka tabbatar ajiyar tana aiki, idan kuma da abokai za ka yi to ku gwada haɗuwa tun a ranar. Irin waɗannan wasanni sun fi matsa wa firosesa da RAM, wato sassan kwamfuta masu lissafi da riƙe bayanai, fiye da katin hoto, domin kowace dabba da kowane inji da kowace bishiya lissafi ne da ake yi a kowane lokaci, kuma masu yin wasa sukan bar aikin sauƙaƙa nauyi sai can ƙarshe. Idan wasan yana sarƙewa tun duniya tana fili, to ba zai gyaru ba lokacin da ka cika ta da gine-gine.

Kare duniyar da ka gina

Wannan shi ne sashen da aka fi sakaci da shi, alhali a nan ne asarar ta fi zafi, domin kuɗin wasa kaɗan ne idan aka kwatanta da watannin da mutum ya zuba a gini ɗaya. Ka nemo foldar da wasan yake ajiye duniyarka tun ranar farko, a Minecraft na kwamfuta nau'in Java sunanta saves a cikin foldar .minecraft, ka riƙa kwafe ta zuwa wani wuri dabam kafin kowace babbar sabuntawa. Ajiyar da Steam yake yi a intanet ba ta wadatar ba, domin aikinta shi ne daidaita kwamfutarka da abin da ke can, kuma idan fayil ya lalace lalataccen za ta ɗauka.

Wasanni da yawa suna da reshe biyu, tsayayye da na gwaji, ana kuma zaɓa a sashen Betas cikin saitunan wasan a Steam. Kada ka buɗe duniyar da kake ji da ita a reshen gwaji, domin sau da yawa idan sabon tsari ya taɓa ajiya tsohon ba ya iya karanta ta kuma. Wani lokaci ma babu hanyar tsallakawa gaba ɗaya, kamar yadda ajiyar siga ta 41 ta Project Zomboid ba ta aiki a siga ta 42. Haka nan kwaskwarimar da 'yan wasa suke yi da kansu, wadda ake kira mod, ita ce ta farko da take karyewa idan sabuntawa ta zo, saboda haka mai amfani da ita ya jira 'yan kwanaki har masu ita su gyara, ya kuma rubuta sunayen waɗanda ya saka a kowace duniya.

Akwai wata dabara da sai wanda ya daɗe a ciki yake sani. A wasannin da kwamfuta take ƙirƙiro ƙasa yayin da kake tafiya, sabon abin da aka ƙara yakan bayyana ne kawai a inda ƙafarka ba ta taɓa takawa ba. Minecraft yana gina duniyarsa a yanki-yanki masu faɗin tubali 16 da tsawon 16, kuma yankin da aka riga aka gina ba a sake shi, haka ma lokacin da Valheim ya ƙara yankin Mistlands a watan Disamban 2022 waɗanda suka riga suka zagaye wuraren sun tarar da su fayau. Don haka idan ka san akwai yankin da ba a gama ba, ka danne son yawo ka bar shi, ko kuma ka leƙa shi a wata duniyar da ba ka damu da ita ba. Mai wasa a sabar jama'a, wato duniyar intanet da 'yan wasa da yawa suke haɗuwa a ciki, kuma ya tambayi lokacin da ake share ta, domin a Rust ana share taswira a Alhamis ta farkon kowane wata, kuma wannan yana cikin tsarin wasan ne.

A cikin wasan kansa, ka sa wa kanka buri ɗaya ƙarami mai iyaka, kamar gada a kan kogi ko layin jirgin ƙasa zuwa mahaƙar ƙarfe, idan ka cika shi wani zai fito daga cikinsa. Idan ka nemi bayani a intanet ka duba lambar sigar da aka rubuta shi a kanta, domin shawarar bara tana iya zama kuskure a bana. Idan kuma ka ci karo da tangarɗa, rahoton da ya faɗi abin da ka yi daki-daki kafin ta faru, da lambar sigar da irin kwamfutarka, ya fi wa masu gyara amfani fiye da dogon fushi.

Ka kuma iya ajiye wasan. Wanda ya bi kowace ƙaramar sabuntawa yana sake farawa daga tushe sau biyar yakan ƙosa kafin cikakken ya iso, ya kasance ya ci wahalar ginin bai zauna a gidan ba. Lokacin da Satisfactory ya kammala a watan Satumban 2024, bayan shekara biyar da rabi, masu shi sun shawarci har tsofaffin 'yan wasa su buɗe sabuwar duniya don su ga labarin da aka saka tun daga farkonsa. Idan ka ji kayan wasan sun ƙare maka, ka kwafe ajiyarka, ka cire shi daga kwamfuta, ka danna maɓallin bibiya a shafinsa don sanarwar babbar sabuntawa ta same ka.