Yadda Ake Zaɓe da Sauya Batirin Babbar Motar Shiga Daji

Babbar mota kirar jif mai jan ƙafa huɗu, irin su Land Cruiser da Patrol, tana ɗora wa batir wahalar da ƙaramar motar cikin gari ba ta ɗora masa. Injinta babba ne, kuma sau da yawa na dizal ne, wanda yake matse iskar cikin silinda ninki 15 zuwa 22, alhali na fetur bai cika wuce ninki 8 zuwa 12 ba, don haka juya shi da sassafe yana cin wuta mai yawa. Ga kuma gargada, wadda take jijjiga farantan dalma da ke cikin batir har sinadarin da ke manne a jikinsu ya riƙa kakkaɓewa yana taruwa a ƙasa. Idan batir ya mutu a tsakiyar daji babu motar da za a roƙa ta ba da wuta, kuma idan motar mai sauya giya da kanta ce, turi ba ya tayar da ita.

Kafin a sayi sabo, ya kamata a tabbatar cewa laifin na batir ne, domin an sha zubar da batir mai lafiya alhali altaneta, wato na'urar da inji ke juyawa tana cika batir, ita ce ba ta yin caji. Ƙaramar mitar gwada wuta ta isa wannan aiki. A bar motar ta kwana a kashe, sannan a ɗora jan tsinken mitar a bisa kan batir mai alamar tarawa (+), baƙin kuma a bisa kan mai alamar ɗebewa (−). Cikakken batir yana nuna bolt 12.6 ko ɗan sama da haka, 12.2 na nufin rabin cajin ya tafi, ƙasa da 12 kuwa kusan babu komai a ciki. Daga nan wani ya murza makulli ana kallon mitar: idan lambar ta faɗi ƙasa da 9.6 a lokacin da injin yake juyawa, batir ya gaji. Bayan injin ya tashi, ya kamata a ga tsakanin 13.8 da 14.7. Idan ta tsaya a 12 da ɗoriya, to matsalar tana wajen caji, kuma sabon batir ma kwana kaɗan zai yi ya kwanta.

Abu na farko wajen zaɓe shi ne girman jiki, tun kafin a kai ga maganar ƙarfi. Kowace mota tana da mazaunin batir da aka yi shi daidai da wani tsawo, faɗi da tsayi, kuma littafin motar ya faɗi lambar da ta dace. Motocin Japan suna amfani da lambobi irin 105D31L, inda 31 yake nuna tsawon batir ɗin ya kai kusan santimita 31, harafin ƙarshe kuma, L ko R, yake nuna ɓangaren da kawunan suke. Amurka da Turai kowacce tana da nata tsarin lambobi, saboda haka auna tsohon batir da abin awo ya fi dogaro da ido. Wannan harafi na ƙarshe shi ne aka fi rainawa, shi ne kuma ya fi jawo da-na-sani, domin wayoyin batir gajeru ne masu kauri, kuma idan kawunan sun juya baya ba za su kai ba sai an ja su da ƙarfi. Batir da ya fi mazauninsa tsayi kuwa yana iya taɓa murfin injin, wanda ƙarfe ne, ya haɗa wuta.

Sai lambobin da ke jikin takardar batir. Wadda aka rubuta da CCA tana nuna yawan amfiyar (ma'aunin wutar da ke gudana) da batir zai iya bayarwa na daƙiƙa 30 a sanyin da ya kai digiri 18 ƙasa da sifiri, ba tare da ƙarfinsa ya sauka ƙasa da bolt 7.2 ba, wannan a ma'aunin Amurka ke nan, na Turai ya ɗan bambanta, shi ya sa ba a kwatanta lambobin batir biyu sai ma'auninsu ɗaya ne. Ita ce lambar tayar da inji, kuma ƙa'idarta mai sauƙi ce: kada ta gaza abin da masu ƙera motar suka rubuta. Wadda ta ɗara ba ta cutar da komai, domin sitata, wato na'urar da ke juya inji ya tashi, tana jan abin da take buƙata ne kawai. Lamba ta biyu, mai Ah, tana nuna yawan wutar da ke ajiye: batir mai 100Ah zai iya ba da amfiya 5 har tsawon awa 20. Ta uku ita ce RC, wato mintunan da batir zai jure yana ba da amfiya 25 kafin ya sauka zuwa bolt 10.5. A ganina mai shiga daji ya fi buƙatar kula da wannan ta ukun fiye da yadda aka saba, saboda ita ce take faɗin tsawon lokacin da motar za ta ci gaba da tafiya idan bel ɗin altaneta ya tsinke a hanya.

Game da iri, batir mai ruwa wanda aka saba da shi yana aiki da kyau, kuma wanda ake iya buɗe murafunsa yana ba da damar ƙara tataccen ruwa idan zafi ya ƙafar da na ciki. Amma akwai wanda ake kira AGM, wanda ruwan asid ɗinsa yake jiƙe a cikin wani abu mai kama da auduga da aka saƙa da zaren gilashi, an matse shi tsakanin farantan. Wannan matsi ne yake sa ya fi jure jijjiga, kuma ba ya zuba ko da motar ta karkace a kan gangare. Rauninsa shi ne ba ya son tsananin zafi ko cajin da ya wuce kima, kuma ruwan da ya rasa ba a iya mayar masa, don haka idan mazaunin batir yana dab da injin da ke zafi sosai, sai a duba abin da masu motar suka ba da shawara. Motar da ta zo da AGM daga kamfani, musamman mai kashe injinta da kanta idan an tsaya, ba a mayar da ita kan batir mai ruwa na gargajiya.

Akwai kuskuren da masu irin waɗannan motoci suka fi yi, shi ne ɗora wa batirin tayar da inji aikin da ba nasa ba. An yi shi ne da farantai sirara masu yawa domin ya ba da wuta mai ƙarfi na ɗan lokaci, altaneta ta mayar masa nan take. Idan aka haɗa masa firji da fitilun zango ya kwana yana zuƙewa, sau kaɗan za a yi haka ya lalace. Maganin wannan shi ne batir na biyu mai farantai masu kauri, wanda aka yi don jure zuƙewa, tare da na'urar da ke raba shi da na farko idan an kashe inji. Winci kuwa, wato injin nan mai naɗe igiya da ke ciro mota daga laka, yana iya jan amfiya sama da 400 idan nauyi ya yi yawa, shi ya sa ba a kunna shi sai injin motar yana aiki. Wasu manyan motocin dizal suna zuwa da batir biyu tun daga kamfani, ko dai a haɗe gefe da gefe a bolt 12, ko a jere su ba da 24. Waɗannan tare ake sauya su, iri ɗaya, ƙarfi ɗaya, domin tsohon yana janye sabon zuwa ga halinsa. A kuma duba ranar ƙira da aka buga a jikin batir. Wanda ya wuce wata shida a ajiye ba tare da caji ba ya riga ya fara tsufa.

Wajen sauyawa, a tsayar da motar a wuri mai iska, a ja birkin hannu, a kashe komai, a zare makulli. A cire zobe da agogon ƙarfe, a sa safar hannu da tabarau, kuma kada a kusanto da wuta ko taba, domin batir yana fitar da iskar haidurojin mai saurin kamawa. Yana da kyau a ɗauki hoton yadda wayoyin suke kafin a taɓa su.

Wayar ɗebewa, wato baƙa, ita ake fara kwancewa, kuma dalilin ya cancanci a fahimce shi. Jikin motar gaba ɗaya a haɗe yake da wannan kan. Idan mutum ya fara da jar waya, sifana tana kan noti, gindinta ya goga ƙarfen motar, to ya haɗa kawunan biyu ke nan da ƙarfen da ke hannunsa: tartsatsi zai tashi, sifanar ta yi zafin da zai ƙona tafin hannu, wani lokaci batir ɗin ya fashe. Amma da zarar an cire baƙar an kautar da ita gefe yadda ba za ta dawo ta taɓa kan ba, wannan haɗari ya kau. Yawanci sifana mai lamba 10 ce take kwance notin. Idan bakin wayar ya kafe, a murɗa shi a hankali hagu da dama, kada a buga shi da guduma. Bayan jar waya sai maɗaurin da ke danne batir, sannan a ɗaga shi a miƙe da hannu biyu, domin irin wannan girman yana kai kilo 20 zuwa 30.

Kafin a sa sabon, a duba mazaunin. Farin gari ko mai kore-kore da ke taruwa a bakin wayoyi yana hana wuta wucewa. A wanke shi da ruwan da aka jiƙa bekin soda (baking soda) a ciki, a goge da burushin ƙarfe har ƙarfen ya yi haske, a bari ya bushe. A zaunar da sabon batir, a tabbatar kan tarawa, wanda ya ɗan fi ɗayan kauri, yana ɓangaren jar waya. A ɗaure maɗaurin har batir ya daina motsi idan an girgiza shi da hannu, amma ba har ya lotsa robar jikinsa ba. Batir da ke rawa a mazauninsa ba ya daɗewa a gargada, kome tsadarsa. Yanzu tsarin ya juya: jar waya da farko, baƙa a ƙarshe. A shafa ɗan giris a kan kawunan bayan an ɗaure su. Idan batir yana cikin ɗakin motar ne, ƙarƙashin kujera ko a baya, kada a manta da mayar da siririn bututun da ke fitar da iskarsa waje.

Da an tayar da inji sai a sake gwada cajin da mita. Agogo da rediyo za su iya mantuwa, gilasan ƙofa ma wani lokaci sai an sake saita su. Wasu sababbin motoci suna da na'urar lura da batir a jikin baƙar waya, kuma dole a sanar da kwamfutar motar cewa an sa sabo, in ba haka ba za ta ci gaba da cajinsa kamar tsoho. Tsohon batir a miƙa shi ga masu sayarwa ko masu sake sarrafawa yadda yake, ba tare da an zubar da ruwansa ba, saboda dalma guba ce. Bayan tafiyar farko a hanya mai gargada, a buɗe murfin injin a sake taɓa maɗaurin da notocin biyu, domin a nan ne sukan fara saki.