Yadda nake haɗa kariya, zabuwa da moda a kasko ɗaya a Jidda

Kaskona na farko bai ga ƙarshen watan Yuli ba. Na sayo waɗannan ƙananan tsirrai masu kama da fure, da ake kira iciberiya, na jera su da kyau a barandarmu a Hindawiyya, ina ba su ruwa duk yamma. Cikin sati uku suka ruɓe daga gindi. Abin ya dame ni ƙwarai. Maƙwabciyata Hajiya, wadda ta zauna a Ɗa'if, ce ta warware min: can kan tsauni ne, sama da mita 1,800, dare na sanyi, shi ya sa suke rayuwa. Jidda kuwa zafi da gumi ne dare da rana.

Don haka 'yar'uwa, fara da zaɓe. Ki haɗa waɗanda ƙishinsu ya zo ɗaya kuma suka san zafi. Ni uku na riƙe, duk mun san su tun gida. Kariya, mai kumburarren gindi da fure ruwan hoda, wadda ke fitowa da kanta a duwatsun Jizan. Zabuwa, da Larabawa ke ce wa sabbar. Sai moda, amma gajeriyar, don doguwar za ta rufe sauran.

Kasko na ƙasa ya fi na roba, domin yana shan iska. Faɗi kamar santimita 35, zurfi 15 zuwa 20, lallai da huda a ƙasa. In babu huda, ki bar shi ko da kyauta ne.

Ƙasar ce wurin da nake so ki tsaya. Abin da 'yan mashtal, wato masu sayar da tsirrai, ke shuka su a ciki, bitmos, yana riƙe ruwa kamar soso, kuma shi ke kashe su. Ni kashi uku nake yi: ɗaya bitmos, ɗaya yashi mai gauri da na wanke, ɗaya birlait (fararen ƙwayoyin nan marasa nauyi) ko ƙananan tsakuwar dutse mai aman wuta. Kada ki ɗebo yashin bakin teku, gishiri ne zalla. Ki jiƙa haɗin kaɗan ki dunƙula a hannu. In kin buɗe ya warwatse, ya yi. In ya tsaya kamar fura, ƙara tsakuwa.

Ki zare kowane tsiro daga robarsa, ki kakkaɓe tsohuwar ƙasar, ki yanke saiwar da ta yi baƙi, ki ajiye su a inuwa kwana biyu raunin ya bushe. Kariya a tsakiya, gindinta a waje, kada ki binne shi. Zabuwa da moda a gefe, da tazarar yatsu uku tsakani. Ki rufe sama da tsakuwa. Sannan ki haƙura sati guda ba ruwa. Na san da wuya.

Ki sa safar hannu in za ki yanka kariya. Ruwanta dafi ne, ki ɗaga kaskon inda yara ba sa kaiwa.

Wajen ban ruwa ba na ƙirga kwana. Tsinken tsire nake sokawa har ƙasa. In ya fito da danshi, sai wata rana. In ya fito a bushe, na zuba sosai har ya zubo ta huda, da asuba ko bayan magariba, na zubar da wanda ya taru a farantin da ke ƙarƙashin kaskon. Ruwan da ke ɗiga daga kwandishan nake tarawa a bokiti, don ba ya barin farin gishirin nan a bakin kasko.

Ranar safe kawai suke so, zuwa wajen ƙarfe goma. Ta azahar a Agusta tana ƙona zabuwa ta koma ja. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin haɗa sabon kasko.

In kin ga wani farin abu kamar auduga a matsematsin ganye, ƙwari ne. Ki goge da auduga da sifirit, ki sake dubawa bayan kwana uku. 'Ya'yan da zabuwa ke fitarwa kuma, in sun kai tsawon yatsa, ki cire su kafin su matse kariya. Na bara guda huɗu na kai wa Hajiya, biyu har sun fara nasu 'ya'yan.