Yadda ake kwantar wa kare da hankali da ƙamshi

Da zarar hadari ya fara haɗuwa a farkon damina, sai ka ji masu karnukan gadi suna kuka iri ɗaya: kare yana jin tsawa ya kama rawar jiki, ya cusa wutsiya tsakanin ƙafafu, ya shige ƙarƙashin mota. Wani ya ji labarin man labenda, wato man wani fure mai ƙamshi, ya saya da tsada, ya yayyafa, bai ga canji ba, ya ce yaudara ce. Ba yaudara ba ce. A 2006 Deborah Wells ta Jami'ar Queen's da ke Belfast ta gwada ƙamshin labenda a kan karnuka 32 masu birkicewa a mota, ta ga sun fi zama da kwanciya, sun rage kai-komo da haushi. Taimako ne ɗan kaɗan, kuma yadda mutane ke amfani da shi ne ke ɓata shi.

Fara da zaɓen ƙamshin. Ni labenda nake sa wa a gaba, sai kamomil, shi ma wani fure ne mai ƙamshi. Ka nemi tsantsar man, ba turaren fesa ɗaki mai hoton furen a jikin gwangwani ba. Turaren wuta da humra kuwa ka bar wa uwargida kayanta. Hayaƙi shaƙe kare yake yi. Kada ka kusantar da shi da man kirfa, na na'a-na'a, na ɓawon lemo, ko wanda aka rubuta "tea tree" a kwalbarsa, wannan na ƙarshen guba ne a gare shi ko ta fata ya shiga. In akwai kyanwa a gidan ka ƙara hattara, hantarta ba ta iya sarrafa irin waɗannan mayuka.

Sai yawan da za a sa. Ɗigo ɗaya, in ya yi yawa biyu, a kan tsumma. Ƙwayoyin jin wari a hancin kare suna iya kaiwa miliyan 300, namu ba su wuce miliyan 6 ba, don haka abin da kai ka ji sama-sama shi ya cika masa kai. Ka rataye tsumman kamar taku biyu daga inda yake kwanciya, inda bakinsa ba zai kai ba. Ba a shafa masa a jiki, ba a ɗiga masa a ruwan sha, ba a goga masa a hanci. Kuma ka bar masa hanyar tashi. In ya yi atishawa, ya juya kai, ko ya bar wurin, ya faɗa maka ra'ayinsa ke nan, cire tsumman.

Yanzu ga inda kusan kowa ke faɗuwa, har da ni. Mutum yakan ajiye kwalbar sai ranar da aka fara walƙiya, sannan ya ɗauko ta a guje. Haka na yi wa wata karyata. Dare uku na ruwa da iska, kowane dare ina buɗe kwalbar daidai lokacin da take haki tana dalalar da miyau. A rana ta huɗu, da tsakar rana, sama fes babu ko gajimare, na buɗe kwalbar don in ga saura nawa, sai ga ta ta miƙe ta nufi ƙarƙashin mota. Na koya mata da hannuna cewa wannan ƙamshin shi ne ɗan aiken tsawa. Dole na jingine labenda gaba ɗaya na koma kamomil, na sake lale.

Abin da ya kamata shi ne ka fara tun hankalinsa na kwance, makonni biyu ko uku kafin lokacin da kake tsoro. Ka zaɓi sa'ar da ya saba yin laushi, bayan ya ci ya ƙoshi, ko da yamma bayan kun dawo daga zagaye. Rataye tsumman, ka zauna kusa da shi, ka shafa shi in yana so, ko ka ba shi abin gwaguya. Minti goma sha biyar zuwa ashirin, sai ka ɗauke tsumman ka sa a leda ka ɗaure. Kullum haka, wuri ɗaya. Kada ka bar shi rataye dare da rana, hanci yakan saba har ya daina kula. Kuma ko bayan damina ta kankama, ranakun da yake jin ƙamshin cikin natsuwa su ninka ranakun da yake jin sa cikin tsoro, in ba haka ba ka koma gidan jiya.

Ranar da hadari ya taso, ka rataye tsumman tun iska na kaɗawa, kafin tsawar farko. Ka sa masa tsohuwar rigarka da ba a wanke ba a makwancinsa. Wannan kyauta ne, kuma a wurin wasu karnukan ya fi kowace kwalba aiki. Haka za ka yi a daren sabuwar shekara in unguwarku ana harba nokawut.

Mai birkicewa a mota kuwa, a sa tsumman a ciki minti kaɗan kafin ya shiga, gilashi a ɗan sauke. Mai hali yana iya sayen Adaptil na kamfanin Ceva na Faransa, kwaikwayon sinadarin da karya mai shayarwa ke fitarwa ne, mu ba ma jin warinsa. Na ɗaurawa a wuya yakan yi kamar wata guda, na fesawa kuma a jira minti 15 kafin kare ya shiga. Na jonawa a bango ban damu da shi ba, da irin wutar lantarkinmu asarar kuɗi ce.

Karen da ke fasa ƙofa, yana ji wa kansa ciwo, ko ya daina cin abinci, ya wuce aikin tsumma, kai shi wurin likitan dabbobi. Mai ciki, ƴan kwikwiyo da mai ciwon numfashi ma a tambayi likita kafin a buɗe kwalba kusa da su.